Injiniya Rahamatu Harisu da Ruwan Unguwar Sodangi

Haihuwa da asali

A damunar shekarar 1966 aka haifi Rahamatu a Fakuwa ta ƙasar Kankiya, a gidan Malam Harisu Mai Rijiya da matarsa Fadimatu, wadda iyayenta makiyaya ne da suka zauna a Unguwar Sodangi, wani ɗan ƙauye da ke gefen garin Ƙofa. Ita ce ta huɗu a ɗakinsu, kuma ita kaɗai ce mace. Sana'ar Malam Harisu haƙar rijiya ce da yasa, wato shiga rijiya a kwashe laka da yashin da suka taru domin idon ruwa ya buɗe, kuma a zamaninsa da wuya a sami ƙauye tsakanin Fakuwa da Kusada wanda bai taɓa shiga rijiyarsa ba. Ba mai yawan magana ba ne. Abin da 'ya'yansa suka fi riƙewa daga bakinsa shi ne: "Haƙa aikin rani guda ne, yasa kuwa aikin kowace shekara." A kan wannan magana rayuwar 'yarsa ta tafi, domin abin da ya dame ta har ƙarshe shi ne ko ruwan da ta samar wa mutane zai ci gaba da zuba bayan babu ita.

Karatu

Ta yi karatun allo a zauren gidansu, sannan a 1973 aka kai ta gidan gwaggonta a Kankiya domin shiga firamare. A 1979 ta wuce makarantar kwana ta 'yan mata, inda ta yi fice a lissafi da kimiyya, ta kammala a 1984. Shekara guda bayan haka tsohuwar Jihar Kaduna ta ba ta gurbin karatu a ƙasar Bulgariya. Ta yi shekara ɗaya tana koyon harshen ƙasar, sannan shekara biyar a fannin injiniyancin ruwa.

A birnin da aka tura ta babu wani Bahaushe, sauran 'yan jiharsu an rarraba su wasu garuruwa. Takan yi watanni ba ta furta kalmar Hausa ga kowa ba. Azumi ita kaɗai, buɗa-baki ita kaɗai, Sallah kuma ranar karatu ce kamar kowace rana. A 1988 Allah ya yi wa Malam Harisu rasuwa, labari bai riske ta ba sai bayan an yi sadakar arba'in.

Dawowa da kama aiki

Ta dawo a 1991 ta tarar Katsina ta zama jiha, ta kuma tarar yayyenta maza duk sun kama wasu sana'o'i, babu wanda ya gaji guga da igiya. Mafi yawan rijiyoyin mahaifinta sun rufta, wasu sun zama ramin zuba shara, saboda babu mai yasa. Ta zagaya su ɗaya bayan ɗaya kafin ta tafi bautar ƙasa.

A 1992 ta kama aiki a sashen ruwa na ƙaramar hukumar Kankiya, kuma bayan an yanke Kusada ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta, aka mayar da ita can a 1997. Aikinta a lokacin tsara burtsatse ne da kula da famfunan tuƙa-tuƙa da injinan dizal. Mutane sun laƙaba mata Baturiyar Fakuwa, saboda saurin tafiya, da shan shayi babu sukari, da gajeruwar gaisuwa. Da yawa sun ɗauka girman kai ne. Gaskiyar ita ce wanda ya daɗe a inda babu mai yi masa hira yakan manta yadda ake jan ta. Littattafan da ta zo da su babu mai iya karanta haruffansu sai ita, kuma mai fanni irin nata mafi kusa yana Katsina.

Aure da 'ya'ya

A 1993 ta auri Malam Sharafaddeen Umar, malamin lissafi a wata sakandare a Kankiya, mutum mai raha wanda ya sha bamban da ita a kusan komai. Allah ya ba su Abdulrauf a 1994, Sumaiya a 1997, Zainul Abidin a 2000, sai auta Zuhura a 2004. Malam Sharafaddeen shi ne kaɗai mutumin da take baje wa zanen aikinta a tabarma ya duba mata lissafi, ko da yake bai san komai game da famfo ba. Babu ɗaya daga cikin 'ya'yan da ya bi fanninta, ita kuma ba ta tilasta wa kowa ba.

Ƙarin karatu daga nesa

Kafin ƙarshen shekarun 1990 ta lura cewa kayan aikin da ke shigowa ba su ne aka koya mata ba. Barin gida da ƙananan yara domin komawa jami'a bai yiwu ba, saboda haka a 1998 ta shiga wani kwas na kula da ruwan karkara da wata cibiya a Ingila ke bayarwa ta gidan waya. Darussan sukan iso Kankiya a ƙunshe, ta amsa ta mayar, wani lokacin sakamakon abin da ta rubuta da bazara ba ya dawowa sai an yi girbi. Ta kammala a 2001. Wani abokin aikinta ya taɓa tare ta a bakin ofis ya ce, "Ranki ya daɗe, mai digirin Turai mi take nema kuma?" Ta ce, "Ilimin injiniya irin madara ne, ba irin zuma ba. In aka ajiye shi lalacewa yake yi." Ta wuce.

Daga nan ba a taɓa shekara biyu ba ta cikin wani kwas ba, kuma duk takardar shaidar da ta samu takan haɗa ta cikin waɗanda ake gabatarwa wajen sabunta rajistar injiniya. Mijinta yakan ce mata, "Uwargida, wai yaushe za mu yanka ragon saukar nan? Ni dai ɗaliba na aura, ga shi har na yi furfura ba ta sauke ba." Takan ce, "Malam, wannan allon ba a sauke shi."

A 2012, da famfunan sola suka fara shigowa yankin, ta shiga kwas a kansu ta intanet. Takan zauna a ofis bayan an tashi, lokacin da sabis ya fi tsayawa, ta saurari malamin da ba ta taɓa gani ido da ido ba, tare da ɗalibai daga ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba. Jarrabawa kuwa sai ta je Katsina. A duk Kusada babu wanda ya san abin da take karantawa sai mijinta.

Burtsatsen Unguwar Sodangi

A 2013 wata ƙungiyar agaji ta amince ta samar da burtsatse mai aiki da sola a Unguwar Sodangi, garin kakanninta na wajen uwa, inda mata ke tonon yashin rafi da rani, manoma da makiyaya kuma ke samun saɓani a kan ɗan abin da ya tsatso. Ita ta tsara aikin daga farko har ƙarshe. A jikin famfon akwai wata 'yar na'ura da ke cikin rijiyar, wadda idan ruwa ya ja baya take sanar da akwatin sarrafawa ya tsayar da famfo har ruwan ya sake taruwa.

Da bazarar 2014 famfon ya fara tsayawa da tsakar rana, ga shanu a jere, ga mata da jarkoki. Aka kira Manu, mai gyaran janareta da wayarin na ƙauyen. A sana'arsa, idan inji ya ƙi tashi saboda wani makunni, tsallake makunnin ake yi. Ya haɗa siraran wayoyin na'urar biyu wuri guda, famfo ya tashi, aka yi ta sa masa albarka. Ba a daɗe ba famfon ya yi ta juyawa a busasshiyar rijiya har ya ƙone. Ƙungiyar ta kawo na biyu a 2015, tare da bayani ƙarara cewa ba za ta kawo na uku ba.

Injiniya Rahamatu ba ta yi wa Manu faɗa ba. Ta ce abin da ya sani ya yi, kuma ita ma da ba ta koma karatu ba abin da za ta yi ke nan. Ta raba wayoyin, ta yi masa bayani, ta yi niyyar shirya bita ga duk masu gyaran yankin. Ba a kai ga yi ba.

Takaba

A watan Fabrairun 2016 Malam Sharafaddeen ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya, ta shiga takaba a gidansu na Kusada. Yayar marigayin, Hajiya Babba, ita ta zo ta zauna da ita. Takabar ta faɗo daidai bazara. A watan Afrilu labari ya zo cewa famfon Unguwar Sodangi ya koma tsayawa, kuma makiyaya sun matsa wa Manu ya maimaita abin da ya yi a baya, har wani ya ce masa, "Kai dai haɗa muna, in shi ƙone Allah na nan."

Limamin unguwa ya ce larurar aiki ta halatta mata fita da rana. Hajiya Babba ta ce ita a gidansu ba a taɓa yi ba. Da Injiniya ta ɗauki waya za ta kira Manu, Hajiya ta ce, "Rahamatu, mai takaba ba ta hira da mazan mutane, ko a waya. Ƙanena bai yi wata uku a ƙasa ba." Injiniya ba ta ja da ita ba. Ta tambaya ko mace fa. Hajiya ta ce, "In mace ce ku wuni kuna yi, ni ina ruwana."

Haka aka nemo Sa'a, matar Manu, wadda karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba, aka ba ta waya ta tsaya gaban akwatin sarrafawa. Abin da Injiniya ta koyo a kwas ɗin 2012 shi ne cewa ana iya rage gudun famfo daga akwatin, ta yadda ba zai ja fiye da abin da rijiya ke tsatsowa ba. Daga kan tabarmar takaba ta riƙa faɗa wa Sa'a maɓallin da za ta danna da lambar da za ta gani, Sa'a na karanto mata, Manu na tsaye a gefe da fulaya a hannu ba a ba shi aiki ba. Ruwa ya dawo siriri, amma bai ƙara yankewa ba har damuna ta sauka. Aka tsara cewa tanki na safe na gidaje ne, na yamma na dabbobi. Abokan Manu sun daɗe suna kiran sa Mijin Injiniya, wai Sa'a ce ta zama injiniya, shi kuma yakan ce, "Ku faɗi, ai ruwan Injiniyar kuka yi alwala da shi."

Sauran kwanakin takabar ta yi su ne tana ɗaukar darussa da muryarta cikin Hausa, gajeru, kowane ɗaya a kan abu ɗaya: yadda ake wanke farantan sola, abin da kowace fitila a akwati ke nufi, sautin famfon da ke shan iska, da dalilin da ya sa ba a haɗa wayoyin nan biyu. Saboda sharaɗin Hajiya Babba, wayoyin mata take tura wa. Matan su ke ɗebo ruwa, saboda haka su ke fara jin canjin sauti.

Zauren Ruwa

Bayan ta fita takaba ta buɗe zauren WhatsApp mai suna Zauren Ruwa. Ya fara da matan masu gyara na Kusada da Kankiya, daga baya mazan suka shigo, sannan matasan da suka gama kwalejin kimiyya da fasaha ba su taɓa riƙe famfon sola ba, har da wasu daga Maraɗi. Tsarinta ɗaya ne: mai matsala ya turo hoton akwati da sautin famfo, ita kuma ba ta ba da amsa sai ta fara tambayarsa abin da ya duba. Duk abin da ta koyo a sabon kwas takan mayar da shi Hausa ta zuba a zauren. Matasan da suka nuna himma ta nuna musu yadda za su shiga kwasa-kwasan da kansu. Daga cikinsu akwai Amatullah Ɗalha, ma'aikaciyar lantarki a Dutsin-Ma, wadda ta kammala kwas ɗin sola a 2020.

Mafi yawan 'yan zauren ba su taɓa ganin fuskarta ba. Suna kiran ta Inna Injiniya. A waɗannan shekarun manyan 'ya'yanta sun watse, gidan ya rage daga ita sai Zuhura. Ba ta cika zuwa biki ba, baƙi kuma ba su cika zuwa ba. Zuhura ta ce a lokacin ne kawai ta san mahaifiyarta da doguwar magana, kuma da waya take yin ta.

Ritaya da jinya

Ciwon ƙoda ya sa ta yi ritaya a 2021. Ta ci gaba da zauren daga gida, ta kuma shiga wani kwas a kan ingancin ruwan sha wanda ba ta samu kammalawa ba. A ƙarshen 2023 jikin ya tsananta, ana kai ta Katsina wankin ƙoda ana dawo da ita.

Da labarin ya kai ga 'yan zauren, Sa'a da Amatullah suka yi shawara cewa ba a ɗora wa majinyaci kaya, kuma rashin kara ne a riƙa tura wa mai kwance hoton akwati. Suka buɗe zaure na biyu, suka kwashe kowa ban da ita, aka mayar da duk tambayoyin aiki can. A zauren farko aka bar gaisuwa. Babu wanda ya gaya mata, kuma babu wanda ya gaya wa Zuhura.

Abin da ita ta gani shi ne tambayoyi sun ɗauke lokaci guda. Ta miƙa wa Zuhura wayar ta ce, "Auta, duba min, ko lalacewa ta yi." Zuhura ta duba ta ce lafiyarta lau. Da bazarar 2024 ta kama, lokacin da famfuna suka fi ba da wahala, ta yi ƙarfin hali ta ɗauki saƙo ta tura, tana tambayar wa zai gaya mata abu uku da ake dubawa idan famfo ya tsaya da tsakar rana. Amsoshi suka yi ta shigowa: "Ki huta, Inna Injiniya." "Allah shi ba ki lafiya, Inna." "Kada ki wahalar da kanki." Babu wanda ya amsa tambayar. Ta kife wayar a gefen katifa ta ce, "To. Rijiyoyin Baba ma haka suka yi." Ba ta ƙara tura darasi ba.

A farkon watan Mayu famfon Unguwar Sodangi ya tsaya cak. An sake samun masu cewa a haɗa wayoyin. Manu ya ce sai dai a nemo wani. Sa'a ta tura hoton akwati zaure na biyu, Amatullah ta tambaye ta abin da ta duba, aka zura igiya aka tabbatar akwai ruwa a rijiyar, aka gane cewa na'urar ce da kanta ta samu matsala. Maza suka taru suka zaro bututu da famfo, aka tarar laka ta toshe na'urar, wayarta kuma ta ci. Aka wanke, aka sauya wayar, aka mayar. Ruwa ya dawo. An yi shawarar a sanar da Inna Injiniya, aka ce a bari ta ɗan ji sauƙi.

Rasuwa

Injiniya Rahamatu Harisu ta rasu da hantsin ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, cikin watan Zulƙida na 1445, a gidanta na Kusada, tana da shekara hamsin da takwas ba kaɗan. Zuhura ce kaɗai a ɗakin.

Kafin azahar amalanken shanu ya iso ƙofar gidan daga Unguwar Sodangi ɗauke da jarkokin ruwa, Manu na kora, Sa'a da wasu mata na biye. Da ruwan aka yi mata wanka, da shi aka kwaɓa ƙasar kabari. A tsakar gida Sa'a ta ba Zuhura labarin gyaran, ta nuna mata zaure na biyu. Zuhura ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Da kun gaya mata." Sa'a ta ce, "Ɗiyata, mun ga ba ta da lafiya ne."

An yi mata salla bayan la'asar a ƙofar gidan, aka binne ta a maƙabartar Kusada, kusa da mijinta. Sahun bai yi yawa ba. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Abdulrauf, ma'aikaci a Legas, Sumaiya, tana aure a Maraɗi, Zainul Abidin, ɗan kasuwa a Kano, da Zuhura, ɗalibar aikin jinya, sai jikoki biyar. Zauren farko yana nan, babu wanda ya fita, babu mai magana. Famfon Unguwar Sodangi kuwa, zuwa lokacin wannan rubutu, na biyun ne. Ba a nemi na uku ba.